Saya ko haya? Ga mai sha'awar jirgin ruwan shaƙatawa

Dan Allah ɗan'uwa kafin ka fara tambayar farashin jirgin ruwan shaƙatawa, wanda ake ce wa yot, zauna ka ƙirga kwana nawa za ka yi a kan ruwa a shekara, kwanakin gaske fa ba na buri ba. In ba su wuce sati 2 ko 3 ba to haya ta fi maka nesa ba kusa ba.

Jirgin nan kamar doki ne, ko sai da sallah kake hawa kullum sai ya ci. Dillalan harkar suna lissafin duk shekara yana lashe wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka saye shi, wato in na dala miliyan 2 ne ka ware dala dubu 200, a ciki akwai albashin matuƙi da yaransa da inshora da kuɗin wurin ajiya a tasha da mai, sannan ruwan gishiri ba ya raga wa ƙarfe, sai an riƙa fito da shi tudu ana kankare ƙasansa ana sake fenti saboda gansakuka da ƙwarin ruwa da ke mannewa. Ranar da ka tashi sayarwa kuma da wuya ka mai da kuɗinka.

In haya ce, fara da ƙarami. A Dubai Marina da awa ake bayarwa, a zagaya da kai tsibirin Palm Jumeirah da otal ɗin Burj Al Arab, amma ka je tsakanin Nuwamba da Maris don zafin Yuli a can ba wasa ba ne. A Bahar Rum kuwa, irin su Girka da Kuroshiya, da sati ake yi, Yuli da Agusta sun fi tsada, Yuni ko Satumba sun fi sauƙi.

Toh a nan mutane ke shan mamaki, farashin da aka faɗa maka a manyan jiragen ba shi ke nan ba. Ana karɓar ƙarin wajen kashi 30 tun kafin tafiya na mai da cefane da kuɗin tsayawa a tasha, in ya yi saura a dawo maka da canji, ga haraji ga ihsanin ma'aikata. Ka sa dillali ya rubuto maka jimilla. Kuma yawancinsu baƙi 12 doka ta yarda su ɗauka, in gayya za ka yi da dangi ka tambaya tun wuri. Akwai takardar da ake cikewa ta abin da kuke ci, wallahi kar ka raina ta, rubuta naman halal kuma ba a so a ajiye giya.

In kuma zuciyarka ta kafe sai saya, yi hayar irinsa tukuna ka kwana a ciki. Sannan ka ɗauko mai duba jirgi naka na kanka ba na mai sayarwa ba, a fito da shi daga ruwa a duba ƙasansa da inji, a gwada shi a teku kana ciki, lauyanka kuma ya tabbatar babu bashi a kan takardunsa kafin ka biya cikon kuɗin.