Haɗa Layin Fetur da Naitiros: Inda Aka Fi Tafka Kuskure

Naitiros gas ne da ake fesa wa injin mota tare da ƙarin fetur don ƙara masa ƙarfi, kuma aikinsa a inji shi ne kawo oksijin. Kusan kashi 36 cikin 100 na nauyinsa oksijin ne, alhali na iskar da muke shaƙa kusan kashi 23 ne. Ƙarfin da mota ke samu kuwa daga ƙarin fetur yake fitowa. In gas ya shiga mai bai biyo shi ba, zafi zai hau, kafin ka ɗaga ƙafa daga totur fistin ya narke.

Matsalar takan fara ne tun daga inda aka ɗauko man. Wani zai yanka tiyon da ke mayar da rarar mai tanki saboda shi ne a kusa, ga shi babu matsin kirki a cikinsa. A ɗauko daga layin da ke kai mai inji. Motoci da yawa masu injekta suna da ɗan bawul na gwaji a jikin bututun injektocin, irin na taya. Ana haɗawa a nan, amma sai an zare ƙwayar da ke cikinsa, in ba haka ba za ta toshe hanya. Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda kuwa, kada a taɓa bututunsa, matsinsa yakan haura psi 2,000 (psi ma'aunin matsi ne).

Sai jet, wato ɗan ƙarfe mai ƙaramin rami da ke ƙayyade yawan man da zai wuce. Kamfanonin kayan naitiros irin su NOS da Nitrous Express suna haɗo takardar girman jet, kuma kowane girma da matsin da aka auna shi a kai: kafireto psi 5 zuwa 7, injekta kusan 43. Sa jet ɗin injekta a mota mai kafireto hanya ce ta kashe inji, don man da zai wuce ba zai taka kara ya karya ba. Matsin ma, a auna shi lokacin da solonoid, wato bawul ɗin lantarki da ke sakin man, ke buɗe mai na gudu. Tsohon famfon mai yakan nuna lafiya lau a silo, da an matsa masa sai ya sare.

Farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa, da ake naɗawa a mahaɗar layin mai, ya ɓata aiki da yawa. Ɗan zare guda ya ɓalle, ya isa ya toshe jet, ramin ƙarami ne ƙwarai. A yi amfani da man liƙe zare na Teflon, kaɗan, sannan a sa filta kafin solonoid.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai kashe kuɗi a kan kwalbar naitiros da nozul ɗin fesa shi, amma ya ƙi sayen makunnin da ke yanke naitiros da zarar matsin mai ya faɗi. Kuɗinsa bai kai na fistin ɗaya ba.

Kafin fita titi, a rufe kwalba, a tabbata ba sauran gas a layi, a tayar da inji, a kunna tsarin na ɗan lokaci. Injin zai shaƙe kamar zai mutu saboda yawan mai. In bai canza murya ba, mai ba ya zuwa. Kada a buɗe kwalbar sai an gano dalili.