Baƙon Maraɗi, fito ka ci abinci

Duk shekara ina ganin baƙi 'yan Najeriya a Maraɗi. Sun taso daga Kano, ko Katsina, ko Gusau, sun tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa, ga jakar kaya, ga katan ɗin Indomie a ɗaure a bayan mota. Wasu ɗalibai ne da suka zo Jami'ar Maryam Abacha, wadda aka buɗe a 2013, wasu fatauci ya kawo su, wasu aure. Da sun sauka suka ji kowa Hausa yake yi, ga kiran salla, ga masu adaidaita, sai su ce ai gida ne, ba wani sabon abu. Sai mutum ya yi wata shida a gari bai san komai ba sai hanyar ɗakinsa da ta makaranta, kullum risho da tukunya ɗaya. Wannan yana damuna ƙwarai, ni da na zo daga Kano na daɗe a nan, domin Maraɗi gari ne da ake saninsa ta baki. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, amma kwanon abinci zai nuna maka cewa lallai ka shigo wata ƙasa, wadda ƙofofinta suke buɗe zuwa Abijan da Dakar da Lome da Agadas.

Kafin ka zauna a teburin kowa, ƙanena, koyi lissafin kuɗi. A takarda sefa aka rubuta, amma a baki da dala ake ciniki, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala hamsin 250 ke nan, dala ɗari 500, jika ɗaya kuma 1,000. Duk abin da aka faɗa maka da dala, ninka shi sau biyar. Kwana uku za ka yi kana lissafi da yatsu, daga nan sai ya zauna. Ka riƙa yawo da ƙananan kuɗi, don miƙa takardar jika goma a kan abincin dala sittin wahalar da mai abinci ne, yaronta zai zagaye unguwa neman canji. Kada kuma ka dogara da taransifa irin ta gida. A yawancin wuraren da zan ambata, kuɗi a hannu ake sani.

Da safe ka nemi teburin mai shayi. Za ka ga abin da ka saba, gwangwanayen madara a jere da kiret ɗin ƙwai, amma burodin daban ne: dogo, siriri, bayansa da ƙarfi, cikinsa da taushi, gadon zaman Faransawa. Ana tsaga shi a tsaye a zuba soyayyen ƙwai da albasa, ko a shafa mayonez, ko a cika shi da wake. Ranar farko zai kankare maka dasashi, za ka yi kewar lallausan burodin gida. Ka ba shi mako guda. In an fito da shi da ɗuminsa daga gidan burodi bayan asuba, ba ya buƙatar komai sai shayi. Wanda kuma cikinsa bai yarda da safiya ba koko ba, masu ƙosai da waina da tsala suna nan a bakin kowace kwana, a Bagalam ko Mokoyo ko Zariya, ba abin da ya ragu.

Abin da na fi so in ja hankalinka gare shi shi ne zogale. A gida mun ɗauke shi abin marmari, kwaɗon la'asar. A nan abinci ne sosai. Za ka ji ana cewa kwabto, sunan da aka aro daga Zabarmawa, wato dafaffen ganye da aka murje da ƙuli-ƙuli ko tunkuza, da albasa da tumatir da yaji da ɗan mai. In aka haɗa shi da dambu, to rana ta yi kyau. Dalilin da ya sa na nan ya fi daɗi ba ɓoyayye ba ne: ganyen daga lambunan Jiratawa da fadamar Gulbi yake zuwa, nan kusa da gari, ɗanye shar, ba wanda ya kwana a buhu ba. Wannan fadama ita ce inda tsohon garin yake zaune kafin ambaliyar 1945 ta sa aka tashi aka hau tudu, kuma har yau ita ke ciyar da garin da ganye. Albasar kuwa, mai ruwan shuɗi-ja ɗin nan ta Galmi, tana da zaƙi da ƙamshin da za ka gane ko ido a rufe. Akwai wata dattijuwa da nake sayen dambu wurinta shekara da shekaru. In na zo sai ta ce, "Ɗana, ka kwan biyu, lahiya dai?" Sai in ce, "Lafiya lau, Inna, a sa mini na dala arba'in, a ƙara tonka." Tonka shi ne barkono. Ita ta koya mini kalmar, kamar yadda ta koya mini cewa fura a nan hura ce, kuma ba a gaggawar dama ta.

Da rana, tsakanin azahar da ƙarfe biyu, lokacin gidajen abinci ne na baƙin ƙasashen yammacin Afirka da na bakin teku. Kada ka makara, don tukunya ɗaya ake yi, in ta ƙare ta ƙare. In ka ga an rubuta abincin Senegal a allo, shiga ka nemi ceb. Shinkafa ce ƙanana-ƙanana, karyayya, da aka dafa cikin romon kifi da tumatir har ta yi ja, a ɗora mata yankan kifi da aka cusa wa kayan ƙamshi a ciki, da kabeji da karas da rogo da gauta, da ɗan tsamiya a gefe. Kada ka ce dafa-duka ce, mai gidan ba za ta ji daɗi ba, kuma da gaskiyarta. Su ma suna girmama ƙanzo kamar mu; in ka saba da wurin, ka roƙa a ɗan kankaro maka na gindin tukunya. Akwai yasa, kaza ko kifi cikin albasa mai yawa da lemon tsami, akwai mafe, wadda 'yar uwar miyar gyaɗarmu ce amma ta fi kauri. Ni dai ceb ce ta kama ni, har in na yi kwana goma ban ci ba sai in ji wani abu ya ɓace.

Matan Togo da Binin da Kodebuwa kuwa, waɗanda ake kira Tanti, su ne masu aceke da aloko. Aceke rogo ne da aka jiƙa ya ɗan yi tsami aka turara shi kamar burabusko, ana ci da soyayyen kifi da yankakken tumatir da albasa da ɗanyen attaruhu. Aloko soyayyar agada ce nunanna. A Abijan akwai haɗin aceke da kifin teku da ake kira garba, kuma ana cewa sunan ya samo asali ne daga 'yan Nijar masu sayar da shi a can. Duk sanda na tuna wannan sai in ji daɗi: namu sun je can sun bar suna a kwanon mutane, nasu sun zo nan suna ciyar da mu. Wurinsu kuma za ka sami sakwara da wasa-wasa, in kewar doya ta taso maka.

A manyan gidajen abinci da na otal, takardar abinci da Faransanci take, duk da cewa tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Kalmomi kaɗan sun ishe ka. Pule kaza, pentad zabo, pwason kifi, ri shinkafa, firit soyayyen dankali, buroshet tsire. In kana son a ƙunshe maka ka tafi da shi, ka ce amporte. Mai kawo abincin Bahaushe ne ko mai jin Hausa, ka tambaye shi kai tsaye, matambayi ba ya ɓata. Abu ɗaya da zan gargaɗe ka: wurin da ake kira maki ba gidan abinci ba ne kawai, galibi ana sayar da giya. Ka tambaya kafin ka shiga, musamman in da iyali kake, ko ke ƙanwata in da ƙawaye kika fito.

Sai dare. A ganina Maraɗi ba ta fi kyau kamar bayan isha'i ba, lokacin da zafi ya sauka, hayaƙin masu gashi ya tashi a bakin titi, 'yan kabu-kabu suna kai da kawowa. Nama a nan ba a wasa da shi. Garin jar akuya ne, wadda sunanta ya kai ƙasashen waje saboda kyan fatarta, ga raguna da ake kawowa daga arewa. Ka tsaya wurin mai balangu, ka gaishe shi da kyau, zai yanko maka ɗanɗano a bakin wuƙa kafin ka faɗi na nawa kake so. Karɓa, al'ada ce, ba bashi ba ne. Ana zuba naman a takarda da albasa da yaji, wasu har da ɗan mustad, ka haɗa da burodin nan dogo. Gasasshen zabo kuwa, in ka sami wanda ya iya, ya fi kaza nesa ba kusa ba. Kilishin da za ka kai gida tsaraba, ka tambayi na Madawa. Da sanyin hunturu kuma masu fara suna fitowa, soyayya da yaji, buhu-buhu a kasuwa.

Ba lallai ne ka ci kai kaɗai ba, kuma bai kamata ba. A kowace unguwa akwai fada, wato dandalin samari da magidanta a ƙofar gida, da tabarma ko benci da ɗan murhun gawayi. Shayin da ake dafawa a nan ba na madara ba ne, irin na Buzaye ne, koren ganye a ƙaramar buta, ana ɗaga hannu ana zubawa har ya yi kumfa, a sha a 'yan ƙananan kofunan gilashi. Zagaye uku ne: na farko da ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi. In an ba ka na farko, ka yi haƙuri ka jira sauran, tashi a tsakiya ba ya yi wa mai dafawa daɗi. In cikinka ba komai, kada ka sha na farkon da yawa, yana juya kai. Ka sayo balangu na jika ɗaya ka ajiye a tsakiya, ka ga yadda za a karɓe ka. A fada ne za a gaya maka wace Tanti ce kifinta sabo ne, wane mai gashi ne ba ya haɗa na jiya da na yau, ina ake samun cuku na gaske, busasshen nan mai faɗi kamar takarda da ake kawowa daga arewa, wanda ake dakawa da gero da dabino a yi tukuɗi. Da ɗan gari kan ci gari, kuma a nan maganar a zahiri take.

Ka kula da cikinka a watannin farko. Da bazara, a Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40, abinci mai mayonez ko kifi da ya jima a rana ba abin yarda ba ne. Da damina ka rage ɗanyen salak a bakin titi, ka ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka. Inda ka ga layin mata da yara da kwanuka a hannu, tukunyar wurin ba ta kwana.

In ka sami ranar hutu, ku haɗa kuɗin mota ku tafi Madarunfa, kudu da gari, ba nisa. Mutane suna zuwa ziyarar kaburburan waliyyai, suna zuwa kallon tafkin, ni kuwa har da kifin nake zuwa. Ku je da safe masunta suna fitowa, ku zaɓi tarwaɗa ko karfasa da kanku, ku ba mai suya ta soya muku nan take. Ku tafi da burodi da lemon tsami da tabarma daga gari, ku nemi inuwa. Kada ku manta da butar shayi, kuma ku ɗauki ɗan Maraɗi guda ɗaya a motar, shi zai yi muku cinikin kifin da dala.