Yadda na hana na'ana'a yaushi kafin a saye ta

Ina noman na'ana'a da ɗaɗɗoya da lansir a bakin fadama, ina kai su kasuwar 'Yan Kaba a Kano. Da zafin Afrilu ya kankama, kafin azahar ganye ya yi yaushi, masu shayi su riƙa taya shi rabin kuɗi.

Yanzu da asuba nake yanka, kafin rana ta fito. Leda kuwa na rabu da ita, domin tana tara zafi har ganye ya yi baƙi, musamman ɗaɗɗoya. Kwando nake zubawa, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa. Ƙaramar tukunyar ƙasa ake sakawa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke bushewa ta jikin babbar shi ke janye zafin. Amma fa sai a inuwa, inda iska ke kaɗawa, kuma da damina ba ta sanyi kamar da rani.

Lansir dai ba ya jure kwana, ranar da na yanke shi nake sayarwa.