Babi na Bakwai: Bugun Zuciya Mai Tsallake

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Saƙon bugu yana tashi daga sama, ya bi ta wata 'yar mashiga a tsakiya, ya isa ƙasa, sannan jini ya fita. Idan mashigar ta samu matsala, saƙo yakan makara, ko wani ya wuce wani ya maƙale. Bayanin ya isa haka. Sauran aiki na yatsu ne da kunne.

Darasi na ɗaya: ƙirgen bugu

Ku zaunar da mara lafiya ya huta minti 5. Ku juya hannunsa, tafin yana kallon sama. Ku ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannunsa, ɓangaren babban yatsa. Kada ku taɓa da naku babban yatsan, yana da nasa bugun, zai ruɗe ku. Kada ku danna da ƙarfi, jijiyar za ta toshe.

Yanzu ku dubi agogo. Ku ƙirga minti ɗaya cur, wato daƙiƙa 60. Babba mai lafiya yakan yi bugu 60 zuwa 100.

A nan mutane suke faɗuwa. Sai su ƙirga daƙiƙa 15 su ninka sau huɗu. Bugun da ya tsallake ba ya jiran ku, yana iya faɗowa a daƙiƙa ta 40, bayan kun ɗauke hannu. Minti ɗaya cur. Idan ƙirge ya kuɓuce muku, ba komai, kowa da haka ya fara. Ku koma farko, minti ɗaya.

Ku yi aikin ku biyu. Ɗaya ya riƙe hannu yana faɗa, ɗaya ya rubuta: kowane bugu tsayayyen layi, kowane shiru sifili. Idan takarda ta nuna layi uku, sifili, layi uku, sifili, tsallaken yana da tsari. Likita Wenkebak, ɗan ƙasar Holan, ya bayyana irin wannan a 1899 ta hanyar nazarin bugun jijiya. Galibi wannan nau'in yana da sauƙi, har masu wasannin motsa jiki da masu barci sukan yi shi. Wanda ya fi haɗari shi ne bugu yana tafiya daidai, kwatsam ɗaya ya ɓace. Yatsa ba ya iya raba su da tabbaci, sai na'urar zanen bugun zuciya.

Akwai kuma mai yaudara: saƙo ɗaya ya wuce, ɗaya ya maƙale. Ba za ku ji tsallake ba, sai bugu mai nawa, kamar 40 a minti.

Darasi na biyu: sauraro

Ku sa abin sauraron ƙirji ƙarƙashin nonon hagu, yatsu kuma na kan wuyan hannu. Lokacin da yatsa ya ji shiru, me kunne ya ji? Idan shi ma shiru ne, saƙo ya maƙale. Idan kun ji ƙaramin bugu da ya yi sauri, bugun riga-malam ne wanda bai kai hannu ba, wata matsala ce daban. Idan saƙo makara kawai yake yi, bugu daidai yake, sai dai sautin farko na zuciya yakan yi rauni. Nan ma minti ɗaya.

Darasi na uku: tambaya

Jiri? Suma? Gajiya, haki, ciwon ƙirji? Ku ce a kawo kwalayen magungunansa. Digoksin, atenolol da berafamil suna rage gudun saƙon. Ku rubuta sunan, kada ku ce ya daina sha, wannan hukuncin likita ne.

Darasi na huɗu: turawa

Ku auna hawan jini. Mai tsallake ya je a yi masa zanen bugun zuciya. Wanda ya suma, ko yake ciwon ƙirji, ko bugunsa ya gaza 40, a kai shi asibiti nan take tare da takardar layukan. Wasu sai an sa musu batirin zuciya.