Shirya Doki Don Sukuwar Farkon Bazara a Ingila

A Ingila, sukuwar da ba ta tsallake shinge, a kan ciyawa, tana buɗewa ne a ƙarshen Maris da gasar Lincoln a filin Doncaster, gudun mil ɗaya. Daga nan sai taron Craven a Newmarket cikin Afrilu, sannan gasar 2000 Guineas a farkon Mayu. Mai son dokinsa ya fito cikin waɗannan makonni, tun Janairu yake fara aiki, domin dokin da ya huta lokacin hunturu yana bukatar kusan wata uku kafin ya kai gudun gasa.

Makonni huɗu na farko tafiya ce kawai, daga minti 20 a rana har a kai awa guda, sannan a shiga sassarfa. Nan ne aka fi yin gaggawa, kuma nan ake ɓata doki. Huhu da tsoka suna murmurewa da wuri, amma agara da ƙashi sai a hankali. Doki zai yi ta jan linzami yana neman gudu alhali ƙafarsa ba ta ƙosa ba, in aka biye masa sai agara ta kumbura, shekarar ta tafi ke nan. Bayan haka a ba shi wata guda na gudu matsakaici, an fi so a hawan tudu irin na Warren Hill a Newmarket, don tudu yana sa zuciya aiki ba tare da an daddaki ƙafafun gaba ba. Gudu mai ƙarfi sai a makonnin ƙarshe, sau biyu a mako, kuma ba ya kai tsawon gasar.

Abinci yana bin aiki. Dokin da ya kai kilo 500 kada ciyawarsa ta gaza kilo bakwai da rabi a rana, hatsi kuma kada ya wuce kilo biyu a ci ɗaya. Ranar hutu a rage hatsi. In ba a rage ba, washegari tsokar ƙugu takan sandare, doki ya tsaya cak yana zufa, fitsarinsa ya yi duhu. Kowace safiya a shafa ƙafafu huɗun da hannu kafin a ɗora sirdi, ana neman ɗumi ko kumburi, a kuma auna zafin jiki. Daidai shi ne digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Celsius. In ya haura, ko aka ji tari, ba kilisa ranar. Rigakafin mura ma a yi shi da wuri, don ba a barin doki ya shiga gasa cikin makon da aka yi masa allurar.

Gashi yana faɗin gaskiya. Dokin da bai zubar da gashin hunturu ba, jikinsa dusu-dusu babu sheƙi, yawanci bai shirya ba komai kyan gudunsa a gida. Goɗiyoyi sun fi jinkiri a nan, a ƙyale su har rana ta yi ɗumi.

Zaɓen fili kuwa, a ajiye son suna gefe. Newmarket miƙaƙƙen fili ne mai faɗi, da gangare kusa da ƙarshe da ke rikita dokin da bai iya riƙe jikinsa ba, ga shi can manyan barguna ke kai zaratansu. Doki matsakaici ya fi samun rabo a Catterick, Thirsk, Redcar ko Musselburgh ta Scotland, inda kuɗin kyauta bai taka kara ya karya ba amma abokan karawa daidai da shi ne. Su ma kowanne da halinsa. Catterick kwana ce mai tsauri ta hagu, ta dace da ƙaramin doki mai zafin nama. Pontefract hawa ne har layin ƙarshe, dokin da bai gama ƙoshi da horo ba nan yake sarewa.

Ƙasar farkon Afrilu sau da yawa jiƙaƙƙiya ce, gudu a kanta yana cin ƙarfi. Dokin da ya saba da filayen yashin roba na hunturu, kamar Wolverhampton ko Lingfield, yana da ƙoshin horo, amma ba lallai ya so laka ba. Ana tabbatar da shiga gasa awa 48 kafin a yi ta, saboda haka a duba rahoton ƙasa da hasashen ruwa kafin lokacin.

'Yan shekara biyu gasarsu ta farko ita ce Brocklesby a Doncaster, kusan mita 1,000. Duk dokin tsere a can ana ƙara masa shekara ne ranar 1 ga Janairu, don haka wanda aka haifa a Mayu yana karawa da wanda ya girme shi da wata uku ko huɗu. Irin wannan a jira da shi. A koya masa shiga akwatin tashi, inda dawakai ke tsayawa kafin a sake su, tun a gida, kuma in ƙwaurinsa ya yi zafi bayan gudu a ƙasa mai tauri, a koma tafiya har ya huce.