Yadda za ka nemi haƙƙinka a ofis ba tare da roƙo ba

Shan inna ta kama ni ina ɗan shekara uku, da sanduna biyu nake tafiya. Ranar da na kama aiki aka nuna mini teburina a hawa na biyu, ga lif ya daɗe da mutuwa. Wata bakwai ina bin darakta da baki, kullum amsar ɗaya ce: za a duba, Malam.

To ɗan'uwa, daina bi da baki. Ofishin gwamnati fayil yake ji. Rubuta takarda shafi ɗaya zuwa ga daraktan mulki, amma ta hannun ogan sashenka, don tsallake shi gaba ce ka saya da kuɗinka. Yi kwafi biyu, ka tsaya a rajista har a buga hatimin karɓa da kwanan wata, ka tafi gida da ɗaya.

Kada ka rubuta "a taimaka mini don Allah", ba bara ka zo ba. Ambaci dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Ita ce ta ce a yi ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatan gwamnati su zama irinmu. In aikin jiha kake, nemi dokar jiharku ka haɗa.

Sai ka nemi abu guda, mai araha. Da na ce a gyara lif, da har yau ana jiran kasafin kuɗi. Cewa na yi a sauko da teburina ƙasa. Maganar gangarar siminti a bakin ƙofa sai da na zauna daram na tayar da ita.

Ka riƙa gaisawa da masinja, shi ya san teburin da fayil ke kwana. Bayan sati biyu aika tuni, ka maƙala kwafin farko. In aka yi shiru har sau uku, kai ƙorafi hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa da aka kafa a 2020, ka sanar da reshen jiharku na JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa.

Tawa ba ta kai can ba. A tuni na biyu aka ba ni wani ɗaki kusa da sito, da fanka mai ƙara.