Kurakuran da sababbin ɗaliban aikin jinya ke ta maimaitawa

Duk shekarar da aka ɗauki sababbin ɗalibai a makarantun koyon aikin jinya na jiharmu ta Kebbi, ba a rufa wata uku sai in fara ganin abin da na gani bara. Na gaji da tsayar da yara ɗaya bayan ɗaya a ƙofar ɗakin marasa lafiya ina yi musu faɗa, shi ya sa na ce bari in rubuta wa ƙannena gaba ɗaya.

Na farko shi ne ɗaukar watanni shida na farko, waɗanda muke kira PTS, kamar ci gaban sakandare. Yarinya ta samu gurbi, an yi murna a gida, sai ta ɗauka ta gama shiga. Ba ta shiga ba tukuna. A ƙarshen watannin nan akwai jarrabawar tankaɗe da rairaya, kuma sai wanda ya tsallake ne makaranta ke tura sunansa Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wato Kansil, a ba shi lamba. In babu lambar nan, babu jarrabawar Kansil a ƙarshen shekara 3, babu lasisi. Makin ci 50 ne, kuma 49 faɗuwa ce, ko ɗiyar wa ce ke.

Wannan kuskuren ni ma ya ci ni. Na zo da halin tara karatu sai jarrabawa ta matso, sai Anatomi, wato ilimin sassan jikin ɗan Adam, ta kayar da ni, na sake zamanta gabana na faɗuwa, wasu da muka kwana ɗaki ɗaya kuwa aka sallame su gida. Ƙasusuwa 206 ne a jikin babban mutum, kowanne da sunansa na Latin, ga jijiyoyin kai guda 12 a kowane gefe, ga tsoka, ga hanyoyin jini. Wa ya taɓa haɗiye wannan a dare biyu? Abin da ya fisshe ni daga baya shi ne duk lakcar da aka yi yau, yau zan koma kanta kafin in kwanta. Sannan na daina hadda, na koma zane. Ki zana zuciya da ɗakunanta huɗu, ki bi jinin da biro tun shigarsa har fitarsa zuwa huhu da dawowarsa, sannan ki rufe littafin ki yi wa ƙawarki bayani da Hausa. Inda kika cije, nan ne ba ki gane ba. Karatu mai nauyi kuma ni bayan sallar Asuba nake yin sa, don daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, bayan Azahar babu abin da ke zama a ka.

Zuwa gida ma yana cikin wannan. Yau biki a Jega, gobe suna a Argungu, jibi an ce ki zo Yauri. Ku zauna da iyaye tun ranar farko ku gaya musu cewa watanni shidan nan a yi muku uzuri. Mai aure kuma ta gama magana da maigida kan girki da riƙon yara kafin a fara lakca, ba sai an kafe jadawalin jarrabawa ba.

Na biyu kuwa shi ne wanda ke tafasa mini zuciya: rubuta awon da ba a yi ba. An tura ɗalibi ya auna marasa lafiya, sai ka duba takardu ka ga kowa numfashinsa 20, kowa awon jininsa 120/80. Wata rana da asuba na tarar da wani yana cike takardun a kan teburin nas, abin awon jinin na gabansa a naɗe, igiyarsa ko warware ta ba a yi ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "Sista, ai duk lafiyarsu ƙalau." Wa ya gaya maka? Ku ji tsoron Allah! Lambobin nan da su likita zai yanke hukunci. Bugun jinin babban mutum tsakanin 60 ne da 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20. Macen da ta haihu, idan bugun jininta ya tashi daga 80 ya koma 110 ya nufi 120, awon jininta kuma yana sauka, mai yiwuwa jini ne ke zuba, kuma ɗalibin da ya auna da gaskiya shi zai fara gani. Wanda ya rubuta na ƙarya ya rufe wa kowa ido har sai ta galabaita.

Na san yawanci kunya ce ke kawo shi. An sa abin sauraro a kunne ba a ji komai ba, ana tsoron a ce ba a iya ba. Ki ce, "Sista, ban ji ba, zo ki nuna mini." Ko ta yi miki tsawa za ta zo. Numfashi kuma a ƙirga shi minti ɗaya cur. Ni nakan ci gaba da riƙe hannun mara lafiya kamar bugun jini nake ƙirgawa, idona na kan ƙirjinsa, don da zarar ya san numfashinsa ake kallo zai canza shi. Ku sayi agogo mai nuna daƙiƙa.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ku mayar wa allura murfinta bayan kun yi amfani da ita, ku jefa ta kai tsaye cikin kwalin allurai. In ta soke ku, ku faɗa nan take, don maganin kariya daga HIV dole a fara shi cikin awa 72. Ku yi rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin a fara tura ku asibiti; allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku wata shida bayan ta farko. Littafin da ake sa muku hannu kan ayyukan da kuka koya, a sa hannun ranar da aka yi aikin. Takalmi ya zama rufaffe mara tsini. Waya ta zauna a aljihu, hoton mara lafiya kuma ko da wasa kada ya shiga cikinta.

Kuma ku daina kiran mutane da lambar gado. Tsohon da ke gado na bakwai Baba ne, tsohuwar can Inna ce, a gaishe su kafin a taɓa su. A asibitocinmu za ku haɗu da Bazabarme da Bafulatani da Badakkare da ba su jin Hausa sosai, don haka ku roƙi abokan karatunku su koya muku gaisuwa da "ina ke maka ciwo" a harsunansu tun kafin ranar da za ku fara aikin dare.